Amsa: Lokacin sauya sandunan golf ya yi?

Ɗan'uwa, ka ce hannunka ya fara faɗawa, kana tambaya ko ka bar sandunanka na ƙarfe masu rami a bayan kai ka koma sirara irin na ƙwararru. Ni dai a ganina dakata tukuna. Masu rami a baya suna rufa asiri, ko ƙwallo ta taɓa gefen fuskar sanda, wato wurin da ke bugun ƙwallo, sai ta tafi. Siraran nan kuwa, ka kuskure tsakiya kaɗan, har gwiwar hannu za ka ji girgiza.

Ɗauko sandarka mai lamba 7 ka duba fuskarta. In tabon bugu ya taru wuri guda kamar kwabo, to ka isa komawa siraran. Amma yashin Maradi yana cinye layukan fuska da wuri. In sun shafe, sauyi ya zama dole. Kada ka saya ta intanet. Ran da ka shiga Kano, ka gwada tsayi da nauyi da hannunka.