Haƙuri daban, yafewa daban: amsoshin masu tambaya

Tambayar farko ta fito daga wata baiwar Allah a unguwar Zariya, nan Maradi, 'yar zumuntar mata a majami'arsu. Ta ce bara ƙanwar mijinta ta karɓi kwasar adashinta da sunan aro, wai za ta sari atamfa, har yau ko dala ba ta dawo ba. Dangi suka taru suka ba ta haƙuri, ta ce ta haƙura. "To amma Malam," in ji ta, "duk Lahadi idan muka zo wurin nan na Addu'ar Ubangiji da ake cewa a gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai bakina ya yi nauyi. Haƙurin da na yi, shi ne yafewa?"

Malama, bakin nan naki da ya yi nauyi ya fi dangin sanin Hausa. Haƙuri daban, yafewa daban, kuma shaidar tana cikin maganarmu ta kullum. Sau nawa kika ji mutum ya ce "na haƙura amma ban yafe ba"? Ba wanda zai ce ya yi tufka da warwara, kowa ya gane nufinsa. Da kalmomin biyu abu guda ne, da wannan magana ba ta zaunu ba.

Haƙuri riga ce mai faɗi. Da shi muke gaida maras lafiya, da shi muke ta'aziyya, da shi muke lallashin wanda aka taka a kasuwa. Ba ya ma bukatar mai laifi: ana haƙuri da zazzaɓi, ana haƙuri da fari idan damina ta yi gardama. Amma ba ki taɓa jin wanda ya yafe wa zazzaɓi ba. Yafewa sai da ƙafa uku kamar murhu: mai haƙƙi, wanda ake bi, da haƙƙin kansa. Mai haƙuri cikinsa yake gyarawa don ya iya ɗaukar kayan. Mai yafewa sauke kayan yake yi daga wuyan wani. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, kuma gaskiya ne, sai dai a tuna ko an sha romon, dutsen yana nan cikin tukunya.

Yafe kalmar bashi ce. A 2005 da manyan ƙasashe masu arziki suka amince su soke basusukan wasu ƙasashe matalauta, har da Nijar, Hausar da ta dace da labarin ita ce "an yafe bashi". Ba a ce an gafarta bashi ba, ba a ce an haƙura da shi ba. Abin sha'awa shi ne, addu'ar da kike karantawa ita ma da harshen bashi aka rubuta ta. A Matiyu 6:12, kalmar Girkancin da aka fassara da laifofi ainihin ma'anarta basusuka, aikatau ɗin da ke tare da ita kuma yana nufin saki, ko barin abu ya tafi. Luka 11:4 ya ce zunubai a rabin farko, ya koma kan masu bashi a rabi na biyu. Wato mai addu'ar yana tsaye ne a matsayi biyu, ana binsa yana bin wani. Kakanninmu sun riga sun faɗa a taƙaice: bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 18 kan wannan lissafi ya ginu, kuma yawancin masu karatu suna wuce alƙaluman da sauri. Sarki yana bin bawansa talanti 10,000, ya yafe masa. Bawan ya fita ya ci karo da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Dinari ɗaya ladan ƙwadagon yini guda ne, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000. Ke nan bashin da aka yafe masa ladan kwana miliyan 60 ne, sama da shekara 160,000 yana noma ba hutu. Bashin da shi ya ƙi yafewa kuwa ladan kwana 100 ne, kamar ƙwadagon damina ɗaya a gonakin Gulbi. Ki lura, dinari 100 ba abin rainawa ba ne. Misalin bai ce ba a cuce ki ba. Cewa ya yi ki ɗora naki a sikeli ɗaya da wanda aka ɗauke miki.

Saura abin da ba ki tambaya ba amma na ji shi a ƙarƙashin maganar: in kin yafe, kuɗin sun tafi ke nan? Hausa ta ba ki dama ki rarrabe. Akwai kuɗin, akwai cin amanar. Kina iya cewa "na yafe miki abin da kika yi mini, amma kuɗin adashe ki kawo", kina iya yafe duka biyun. Wannan surar ta 18 ma, a aya ta 15, cewa ta yi in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi ku biyu ka faɗa masa. Abin da na daɗe ina lura da shi a zaman sulhun gidajenmu shi ne, wanda aka cuta ake taruwa a kansa da "yi haƙuri", don shi ne mai sauƙin tanƙwarawa, mai laifin kuwa ya tashi ya kaɗe rigarsa ba a sa shi ya ce ko "na tuba" ba. Wannan rufe ciwo ne da ƙuda a ciki.

Wani ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ya ce: "Gafara, afuwa, yafiya, mene ne bambancinsu? Kuma me ya sa fasto yake karanta gafarta amma da ya rufe littafi sai ya ce gahwarta?"

Ɗana, bari in fara da ta ƙarshen don ta fi sauƙi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma a Najeriya aka yi aikin, da irin Hausar da ake rubutawa can. Mu kuwa nan Katsinar Maradi da Gobir, inda Bakano ya ce fa sai mu ce hwa, inda ya ce fi ko fe sai mu ce hi ko he. Shi ya sa ido yake ganin gafara, yafe, afuwa, baki yana faɗin gahwara, yahe, ahuwa. Ba kuskure ba ne, kada ka gyara wa kakarka.

Gafara daga Larabci take, daga tushen da ke nufin rufewa. Daga wannan tushe Larabawa suka samo sunan kwalkwalin da mayaƙi yake rufe kansa da shi. Hoton da ke ciki ke nan: laifin yana nan, an lulluɓe shi, an kare mai shi daga sakamakonsa. A kunnen Bahaushe gafara daga sama take saukowa. Muna cewa "Allah ya gafarta malam", muna roƙa wa mamaci gafara. Mutum yakan ce "ku gafarce ni" don ladabi, amma da wuya ka ji miji ya ce wa matarsa "na gafarta miki", sai ta dube shi ta ce yaushe ka zama Ubangiji. "Na yafe miki" zai ce. Masu fassara sun sa gafarta a ɓangarori biyu na addu'ar, na Allah da na mutum, kuma a Girkancin ma aikatau ɗaya ne. A ganina nauyin da kalmar take yi a bakin mutum ya dace da abin da koyarwar take nema, wato ɗan Adam ya ari aikin da aka san Allah da shi.

Afuwa ma Balarabiya ce, tushenta shafewa, kamar yadda iska take shafe sawu a rairayi. Mun ba ta ayyuka biyu. Na farko na masu iko: shugaban ƙasa ya yi wa fursunoni afuwa. Na biyu na ɗakin majinyaci: "Allah ya ƙara afuwa", wato sauƙi. Wanda ya san labarin shanyayyen nan na Markus 2, da aka sauko da shi ta rufin ɗaki, aka fara ce masa an gafarta zunubansa kafin a ce ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa, zai ga Hausa ta haɗa abu biyun nan cikin kalma guda ba tare da ta sani ba.

Wani dattijo manomi daga Tsibiri ya aiko jikansa da tambaya. Awakin maƙwabcinsa sun cinye masa wake sau uku. Shi dai ya ji tun yana yaro ana cewa rama cuta ga macuci ibada ne. A majami'a kuma ana cewa a yafe har bakwai sau saba'in. Wanne zai kama?

Baba, karin maganar nan ta ari rawani ne ta naɗa. Kalmar ibada da ke cikinta ta sa mutane suna ɗauka nassi ce, alhali ba aya ba ce a kowane littafi. Alƙur'ani ma, a sura ta 42 aya ta 40, bayan ya ce sakamakon cuta cuta ce kwatankwacinta, ya ce wanda ya yafe ya gyara ladansa yana ga Allah. Karin magana ba doka ba ce, hoton halin mutane ce, shi ya sa kowace take da kishiya. Bakin da ya ce a rama shi ya ce zo mu zauna zo mu saɓa, shi ya ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa.

Lissafin bakwai ɗin kuma yana da tarihi. Bitrus almajirin Yesu ne ya tambaye shi ko yafewa sau bakwai ta isa, yana ganin ya yi ƙoƙari. Amsar da aka ba shi ana iya karanta ta 77, ana iya karanta ta 490, don lafazin Girkancin ya ɗauki duka biyun. Wannan lafazi shi ne a tsohuwar fassarar Girkanci ta Farawa 4:24, inda Lamek, wani daga zuriyar Kayinu ɗan Adamu, yake taƙama gaban matansa cewa in an rama wa Kayinu sau bakwai, shi za a rama masa sau saba'in da bakwai. An ɗauki kirarin ramuwar gayya aka juya shi. Don haka kada jikanka ya sayo littafin lissafi yana jiran awaki su cika 491.

Akwai kuma "Allah ya isa", wadda na san tana kan harshenka. Ta yi kusa da abin da Bulus ya rubuta wa Romawa a sura ta 12, cewa kada ku rama, ku bar wa Allah. Amma mai cewa Allah ya isa bai saki bashin ba, ya kai ƙara ne kotun da ta fi ƙarfi. Addu'ar Yesu a kan gicciye a Luka 23:34, da ta Istifanas sa'ad da ake jifansa a Ayyukan Manzanni 7:60, janye ƙarar suke yi. Batun wake kuwa, yafewa ba ta hana ka zuwa wurin mai gari a sa maƙwabci ya ɗaure awakinsa har a kwashe amfanin gona.

Wata malamar makaranta daga Madarunfa ta ce me ya kawo gafara cikin "mun gaji da gafara sa ba mu ga ƙaho ba". Wannan gafarar ta ba da hanya ce, irin wadda mai kaya yake faɗa a cunkoson kasuwa, ko baƙo a ƙofar gida. Ana ta ihu a kauce ga sa nan, an kauce, ba sa ba alamarsa. Alkawarin baki ke nan. Ta dace da mai "na tuba" kullum ba canji, wanda muke kira tuban muzuru. Zakka, mai karɓar harajin nan na Luka 19, da ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu, shi ya nuna ƙaho.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce da bai faɗi unguwarsa ba. Ya bar gida shekara uku bayan ya sayar da babur ɗin mahaifinsa ya tafi Agadas. Saƙo ya iso masa cewa tsohon ya ce "na yafe shi". Yana so ya san ko ya koma.

Ɗana, ka sake tambayar wanda ya kawo saƙon, a faɗa maka lafazin daidai, don a nan ƙaramar kalma take raba rai da mutuwa. "Na yafe masa" yafiya ce: laifin aka saki, aka riƙe mutumin. "Na yafe shi" sallamawa ce: mutumin aka saki, kamar yadda ake cewa na yafe gadon nan, ba na so. Uba in ya ce "na yafe shi cikin 'ya'yana", ya cire shi ke nan. Sai dai masu kai saƙo suna yawan haɗiye wannan "ma" ɗin, kuma ko da tsohon haka ya faɗa, maganar da aka yi da zafin rai ba kullum take kwana ba.

Tun da ka ce a gidanku ana karanta Luka, ka san sura ta 15. Abin da ban cika jin ana faɗa ba shi ne, a duk labarin ɗan nan da ya cinye rabonsa na gado ya dawo, uban bai furta kalmar gafara ko sau ɗaya ba. Ya hango shi daga nesa, ya sheƙa da gudu, dattijo guda, ya rungume shi. Yaron ya fara jawabin da ya shirya, ba a bari ya kai wurin "ka ɗauke ni ɗan ƙwadago" ba, aka ce a kawo riga da zobe da takalma, a yanka kiwataccen maraƙi. Wanda ya tsaya a waje yana huci shi ne wan, mai shekara da shekaru yana bauta bai taɓa ƙetare umarni ba, ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Shi ne mai haƙurin gidan. Uban ya fito yana lallashinsa ya shigo, labarin ya tsaya a nan, ba a ce ya shiga ba, ba a ce ya ƙi ba. In kana da wa a gida, ka fara aika masa da gaisuwa kafin ka hau mota.