Ƙofar tanderuna ta kulle bayan ɗaukewar wuta, kuma ta ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tanderun lantarki irin wanda yake wanke cikinsa da kansa ta hanyar zafi. Bayan gashin naman layya cikinsa ya yi maiƙo sosai, sai na kunna shirin wankin, amma bai kai rabi ba aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita sai na tarar ƙofar a kulle, alamar kwaɗo tana ta ƙyaftawa a fuskarsa, ga shi ya huce sarai amma ƙofar ta ƙi buɗewa. Maigidana ya ce a ɓanɓare ta da sukundireba, mai gyaran wutar unguwarmu kuma ya ce a cire sakatar gaba ɗaya kowa ya huta. Wace shawara ce ta fi? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ba maigida haƙuri ya ajiye sukundirebar tukuna, domin ɓanɓarar ƙofar kan lanƙwasa ƙugiyar sakatar ko ta fasa gilashin, sai gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma sayen sabuwar ƙofa. Shawarar mai gyaran wuta kuwa ta fi wannan haɗari. A lokacin wanki zafin cikin tanderun yakan kai digiri 480 zuwa 500 a ma'aunin Salshiyos, wato kusan ninki biyu na mafi tsananin zafin da ake gashi da shi, kuma da wannan zafi ne maiƙo yake ƙonewa ya zama toka. Idan aka buɗe ƙofa a wannan hali iska za ta kwarara ciki, maiƙon da ke hayaƙi yana iya kamawa da wuta a fuskar mai buɗewar. Shi ya sa tun da kamfanin General Electric ya fito da irin wannan tanderu a Amurka a 1963 sakata take cikin asalin ƙirarsa.

A tsofaffin samfurori da hannu ake jan sakatar, amma tunda taki ta kulle kanta, akwai ɗan ƙaramin inji a saman ƙofar ko a bayan tanderun wanda yake juyawa ya tura ƙugiya cikin wani rami a jikin ƙofa. Kusa da shi akwai ƙananan makunnai, ɗaya ko biyu, waɗanda aikinsu shi ne su shaida wa ƙwaƙwalwar tanderun, wato 'yar na'urar lantarkin da ke sarrafa duk ayyukansa, ko ƙugiyar ta shiga ko ta fita. Ita kuma ƙwaƙwalwar ba ta sakin ƙofa sai labari biyu sun iso mata daidai: na farko daga ma'aunin zafi, cewa cikin ya sauko ƙasa da kimanin digiri 300, na biyu daga waɗannan makunnai, cewa ta san inda sakatar ta tsaya. Da yawa daga cikin ƙofofin da ake cewa sun lalace lafiyarsu ƙalau, ɗaya daga cikin labaran nan biyu ne bai iso ba.

Saboda haka ki fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ki danna maɓallin soke aiki, ki saurara na minti ɗaya ko biyu. Idan babu canji, ki kashe wutar tanderun daga babban makunnin gida, ba daga fuskarsa ba, ki bar shi minti 5 zuwa 10 sannan ki mayar, domin sau da yawa idan ƙwaƙwalwar ta farka takan sake gwada sakatar da kanta. In wannan ma bai yi ba, ki sake kunna shirin wankin, ki bari ya yi minti ɗaya ko biyu, sannan ki soke shi, kina danne ƙofar ciki da tafin hannu. Wannan yana tilasta wa injin ya yi cikakken zagaye ya koma mazauninsa, dannewar kuma tana rage nauyin da ke kan ƙugiyar idan ta ɗan cije. Ki kuma duba littafin tanderun, don wasu suna da kullen yara wanda yake nuna irin wannan alamar ta kwaɗo, kuma ana cire shi ne da riƙe wani maɓalli na 'yan daƙiƙoƙi.

Yayin da kike waɗannan gwaje-gwaje ki kasa kunne kusa da saman ƙofar, domin abin da za ki ji zai rage wa mai gyara rabin aiki. Idan kin ji injin yana guna ko yana ƙas-ƙas amma ƙofa ba ta saki ba, to wuta tana isa gare shi, matsalar a ƙugiyar take, ko ta lanƙwashe ko ƙofar ta ɗan sauka daga saitinta. Idan kuwa shiru kika ji alhali fuskar tanderun tana kunne, zargi ya koma kan injin da kansa, ko ma'aunin zafi, ko ƙwaƙwalwar.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne lokacin da wutar ta tafi. Irin waɗannan tanderu suna da fanka a ciki wadda ba ta shafi girki ba, aikinta kawai ta riƙa kore zafi daga wurin da wayoyi da ƙwaƙwalwa suke, kuma takan ci gaba da juyawa har bayan an gama wanki. Da aka ɗauke wuta tanderun yana tsakiyar zafinsa fankar ta tsaya cak, zafin kuma ya hau sama ya taru daidai inda sakatar da makunnanta suke zaune. Wannan yana iya narkar da robar makunnin, ya gasa bakin waya, ko ya tsinke fiyus ɗin kariya daga zafi, wanda a wasu samfurori idan ya tsinke fuskar tanderun takan mutu ɗungurungum. Tunda taki tana nuna alama, na fi karkata ga makunnan sakatar.

Idan wasu haruffa da lambobi sun bayyana a fuskar, ki rubuta su kafin ki kashe wuta. A tanderun General Electric lambar F9 tana nufin matsalar kullen ƙofa, a na Whirlpool F5 E1 ce, a na Frigidaire kuma F90, sauran kamfanoni kowa da tasa a cikin littafinsa.

Daga nan aiki ya koma hannun mai gyara, amma wanda ya saba da kayan girkin lantarki, ba mai jan wayar gida ba. Zai kashe wuta daga babban makunni, ya zaro tanderun daga mazauninsa, ya kwance murfin sama ko na baya, ya janye ƙugiyar da hannu ba tare da ya taɓa ƙofar da ƙarfe ba. Sannan ya auna makunnan da mita ɗaya bayan ɗaya, ya auna injin, ya kuma auna ma'aunin zafi, wanda ɗan siririn ƙarfe ne kamar fensir da yake leƙowa daga bangon baya na cikin tanderun. A yawancin samfurorin Amurka lafiyayyensa yana nuna om 1,080 zuwa 1,100 a kan mitar (om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wucewar wuta) idan tanderun ya huce, kuma idan ya nuna fiye da haka nesa ba kusa ba, ƙwaƙwalwar za ta ɗauka har yanzu cikin yana da zafi ta riƙe ƙofar, ko da an sauya sakatar sau goma. Kada ki yarda a fara da sauya ƙwaƙwalwa, domin ita ce mafi tsada kuma ita ake zargi a ƙarshe. Kayan gyara ana sayensu ne da lambar samfuri, kuma abin haushin shi ne takardar lambar galibi tana manne a bakin tanderun bayan ƙofar da ta kulle, don haka ki neme ta a littafinsa ko a rasit.

Ba ki faɗi inda aka sayo shi ba. Idan na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka, ki sanar da mai gyaran, domin an ƙera su ne don wuta mai bolt 120 da 240, injin sakatar a yawancinsu da 120 yake aiki, mu kuma tamu 230 ce, kuma haɗin da ba a yi daidai ba yana ƙona irin wannan ƙaramin inji.

Bayan an gyara, ki sani shirin wankin yana ɗaukar awa 2 zuwa 4, ban da kusan awa guda na hucewa, kuma duk wannan lokaci yana bukatar wuta ba yankewa, abin da ƙaramin janareto ko inbatar gida ba za su iya ɗauka ba. Ranar da za ki kunna shi ki fitar da ragogin ƙarfe da tire, ki goge maiƙo mai kauri da tsumma, ki buɗe tagogin kicin saboda hayaƙi, ki zaɓi mafi gajeren shiri. Idan kuma ba ki da tabbacin wutar awa 5 a jere, ki kwaɓa bekin soda da ruwa ki shafa a cikinsa ya kwana, banda kan ƙarafan da ke ba da zafi, da safe ki goge da jiƙaƙƙen tsumma.