Waya kaɗai gare ni, ta yaya zan ƙware a fasahar koyarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta biyu a kwalejin ilimi, baɗi zan fita koyarwar gwaji. Darasin kwamfutar da aka yi mana a kan allo ya ƙare. Ba ni da laftof, sai waya. Daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da tunanin ajin da za a tura ki. Mai yiwuwa yara cike har bakin ƙofa, ba wuta, ba majigi. Duk dabarar da ba za ta yi aiki a irin wannan aji ba, ki ajiye ta sai gaba.

Abu ɗaya ne waya ba za ta koya miki ba, shi ne buga rubutu a kan maɓallan kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta, jarabawar TRCN (hukumar rajistar malamai ta ƙasa) da za ki rubuta kafin ki samu rajistar malanta ita ma a kwamfuta ake yin ta. Ki ware awa ɗaya ko biyu a mako a ɗakin kwamfutar kwalejinku ko a shagon intanet, ki riƙa buga tsarin darasinki da kanki a Word. Hannu zai saba, aikin makaranta kuma ya ragu.

Sauran duk waya ta isa. A ganina Excel ko Google Sheets ya fi komai amfani ga sabon malami, ko da yake ɗalibai sun fi ɗokin PowerPoint saboda kwalliya. Ki ƙirƙiri aji na ƙarya mai yara hamsin, ki zuba makin gwaji da na jarabawa, ki koyi SUM don haɗa jimilla, AVERAGE don matsakaicin maki, RANK don fitar da wanda ya zo na nawa. Aikin da ke hana malamai barci a ƙarshen zango ke nan. Akwai kuma ribar da ta fi wannan: idan kika zuba makin kowace tambaya daban, za ki ga wadda yawancin yara suka faɗi, nan ne darasinki bai shiga ba, sai ki sake shi.

Wajen koyarwa, kada ki ɗauko manhaja sannan ki tafi neman darasin da za ki cusa ta. Ki duba inda alli ya gaza tukuna. Misali, yadda lantarki ke zagayawa ba ya fitowa a zanen allo. PhET, shafin gwaje-gwajen kimiyya na Jami'ar Colorado da ke Amurka, kyauta ne, yana barin yaro ya haɗa batir da ƙwan fitila a fuskar waya, ya ga ya kama ko bai kama ba. Ana sauke shi a yi aiki ba data. Waya ɗaya ba ta wadatar da aji, don haka ki raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fara rubuta hasashensa kafin ki zagayo kansa. A darasin karatu kuwa, muryar da kika naɗa da ƴar lasifika mai caji sun fi bidiyo kai wa ƴan layin baya. Ki leƙa dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, darussansa bisa manhajar karatun ƙasar nan suke. Ki sa Hausa a Gboard, wato manhajar maɓallan rubutu ta waya, ki daina rubuta wa yara kasa a maimakon ƙasa.

Kafin kowane darasi ki kashe data ki gwada komai daga farko, ki kuma tanadi yadda za ki ci gaba da alli idan caji ya ƙare.

Sai batun hotunan yara. Masu koyarwar gwaji na yawan ɗaukar aji su watsa a Facebook ko TikTok. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shardanta yardar iyaye kan bayanan yaro, saboda haka ko don nuna wa mai duba aikinki ne, ki nemi izinin hedimasta, ki ɗauki allo da littattafai, ki bar fuskoki.