Amsa kan rubuta kod ɗin jaz bulus a F

Malam, ka ce ka shirya bulus (salon kiɗan blues) mai gaɓa 12 (gaɓa ita ce bar, ma'aunin lokaci a kiɗa) a F don fiyano, bes, tirampet da alto saks, amma kowa na kaɗa nasa daban, sautin kuma ya cushe. Matsala biyu ke nan, kuma ta alamomin kod, wato sautukan da ake kaɗawa tare, ta fi sauƙin gyarawa.

Tsarin kod da aka saba, ɗaya a kowace gaɓa, shi ne: F7, Bb7, F7, sai Cm7 da F7 su raba gaɓa ta 4. Daga nan Bb7, Bdim7, F7, D7, sannan Gm7, C7. Gaɓa biyun ƙarshe F7 D7 da Gm7 C7, su ne ke mayar da kai farko.

Kula da yadda kake rubuta alamomin. F7 na nufin F, A, C, Eb. Wanda ke da E shi ne Fmaj7, kuma kada ka rubuta shi FM7 da hannu, domin babban M da ƙaramin m ba sa rabuwa idan makaɗi yana hango takarda daga nesa. Cb9 ma tarko ne: wani zai ɗauka Cb ce da 9, wani C ce da b9. Rubuta C7(b9), magana ta ƙare. C9 na ɗauke da Bb a ciki, Cadd9 babu. Cm7 da C-7 duk ɗaya ne, amma zaɓi guda ka tsaya a kai.

Cushewar kuwa daga yawan sauti take. Abin da ke bayyana kod shi ne sauti na 3 da na 7, idan ka ƙirga daga tushe, wato sautin da ya ba kod ɗin suna. A F7, A ne da Eb. A Bb7, Ab ne da D, wato kowanne ya sauko rabin taki kawai, zuwa sautin da ke dab da shi. Ka ba tirampet Eb zuwa D, ka ba alto A zuwa Ab, ka bar wa mai bes tushen. Mai fiyano kuma ya daina matse sautuka a can ƙasan hannun hagu, nan ne ƙugin ke fitowa.

Ina zargin ma ba ka juya wa tirampet da alto ki (key, sautin da aka gina waƙar a kai) ba. Tirampet ana ɗaga masa taki ɗaya, F ɗinka ya zama G a takardarsa, na alto kuma D. Alamomin kod na wurin solo su ma a juya: F7 ya koma G7 ga tirampet, D7 ga alto.