Kafin a Sayi Ragon Suna: Likita Na Amsa Tambayoyinku

Likita, ni malamin firamare ne, watanmu takwas da aure. Maiɗakina na son haihuwa, ni kuma albashi ba ya kai ni ƙarshen wata. Me ya kamata in lissafa? (Wani magidanci, Pantami, Gombe)

Malam, yawancin maza da rago suke fara lissafi, sai atamfar mai jego da abincin 'yan barka. Duk waɗannan ana iya rage su, yaro ba zai san an yi ba. Wanda ba ya raguwa shi ne kuɗin awo, kuɗin haihuwa da kuɗin ko-ta-kwana.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Za a yanki kati, a duba yawan jininta da rukuninsa, a gwada fitsari, a yi hoton ciki sau ɗaya kafin mako 24. Za ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kullum, daga mako na 13 a fara ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata, ga allurar tetanus. Ciki mai lafiya ba sai an kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ba. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa, ya fi araha, in sun ga matsala su tura ku gaba.

Inda gidaje ke durƙushewa shi ne daren da aka ce sai an yi aiki. Ba a sanin wadda za ta buƙaci tiyata tun farko: naƙuda ta doge, mabiyiya ta tare hanya, ko hawan jini ya kawo jijjiga. Zubar jini bayan haihuwa kan kashe mace cikin awa biyu, lokacin da miji ke bin gidajen dangi neman rance. Don haka je ka tambayi kuɗin aiki a asibitin da za ta haihu, ka raba shi gida tara, ka riƙa ajiye kaso ɗaya duk wata inda hannu ba zai kai ba. Ka nemi 'yan uwa biyu da za su ba da jini, da lambar mai mota ko Keke Napep da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare.

Tunda ma'aikaci ne kai, duba ko sunanta na cikin inshorarka ta GoHealth, ka kuma tambayi abin da ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da ke cikin shirin. Wannan a ranar awo ake tambayarsa, ba a ƙofar ɗakin tiyata ba.

Idan kuna ci, kuna biyan haya, kuma wancan kason zai fita, ban ga dalilin jira ba. Idan sai da bashi ake ɗora tukunya, jinkirin shekara ɗaya ba laifi ba ne, amma da yardarta, kada ka yanke kai kaɗai. In ta haura shekara 35 kuwa, kada ku ja lokaci. Ko yaushe kuka shirya, ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin cikin ya shiga.

Jaririna watansa bakwai, al'ada ta dawo, kasuwar maigida ta ja baya. Ina tsoron kwanika, amma an ce maganin tazara na hana haihuwa gaba ɗaya. (Wata uwa, Kumo)

'Yar uwa, shayarwa ta daina kare ki. Tana kariya ne in yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba. Ke biyu sun riga sun warware. Shawarar likitoci ita ce a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, don jininki ya dawo, kuma kusantar ciki na jawo bakwaini da jariri mara nauyi, wanda jinyarsa ta fi ƙarfin aljihun da kike tausayi.

Ashanar hannu tana shekara uku ko biyar gwargwadon irinta, robar mahaifa har goma, kuma da an cire ciki na iya shiga. Allurar wata uku ce kan jinkirta dawowar ciki na wasu watanni bayan an daina, daga nan jita-jitar ta samo tushe, amma ba ta rufe mahaifa. Rikicewar al'ada a watannin farko sananne ne. Ki je da maigida, a auna hawan jininki kafin a zaɓa, kada ki saya a kemis da ka.

Ni da matata duk AS ne, ɗanmu na fari lafiya lau. Mun tsira? (Daga Bajoga)

A'a, Malam. Kowane ciki da nasa lissafin: kashi 25 cikin 100 ne yiwuwar ya zo da sikila, ko na baya ya zo da ita ko bai zo ba. Ku sa wannan cikin lissafinku, domin mai amosanin jini na buƙatar magani kullum, zuwa asibiti a kai a kai, wani lokaci kwanciya da ƙarin jini. Duk jaririn da kuka haifa a gwada shi da wuri, kada a jira hannu da ƙafa su kumbura. Shi ma na farin, in ba a gwada shi ba, a gwada.

Zan koma aiki bayan hutun haihuwa. In sa madarar gwangwani a lissafi? (Wata ma'aikaciya, Jekadafari)

Hajiya, ƙaramin gwangwani mai giram 400 ba ya yi wa jariri mako, kuma in kuɗi ya yanke sai a fara tsinka ta da ruwa, yaro ya rame, gudawa ta biyo. Ki tatsa nono a kofi mai tsabta da murfi: yana awa huɗu a ɗaki, kwana huɗu a firji in ba a ɗauke wuta ba. A ba shi da kofi ko cokali, ban da ruwa, har wata shida. Rigakafi kuwa kyauta ne a asibitin gwamnati, daga ranar haihuwa, sai mako 6, 10 da 14, sannan wata tara.