Ina ban ruwa, ina zuba taki, amma shukar lambuna ta ƙi ci gaba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan lambu a bayan gida, na dasa tumatir da tattasai. Kullum ina ban ruwa, sau biyu kuma na zuba takin zamani, amma ganye sai komawa rawaya yake yi, da rana shukar ta yi yaushi alhali ƙasar a jiƙe take. In na zuba ruwa yakan daɗe a kwance, in wurin ya bushe sai ya tsattsage ya yi tauri. Wani ya ce in ƙara taki, wani ya ce in zuba yashi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Alamun da ka lissafa suna nuna ƙasarka laka ce mai nauyi, kuma shukarka ba yunwa ke damunta ba, saiwarta ce ta shaƙe.

Mutane da yawa ba su san saiwa tana numfashi ba. Ƙasa mai kyau, kusan rabinta ne kawai ƙwayoyin ƙasa da ruɓaɓɓen abu. Sauran rabin ƙananan kafofi ne da iska da ruwa ke rabawa. Idan ruwa ya cika kafofin nan ya zauna, iska ta fita, sai ƙananan saiwoyin da ke zuƙar ruwa su fara mutuwa. Shi ya sa kake ganin abin mamaki, shuka tana tsaye cikin danshi tana yaushi kamar mai ƙishirwa. Kai kuma ka ga yaushi ka ƙara ruwa, ciwon ya ƙaru.

Girman ƙwayar ƙasa ne ke jawo wannan. Ƙwayar yashi tana tsakanin milimita 0.05 zuwa 2, ido na ganinta, ruwa na ratsa ta da sauri ya tafi da taki. Ƙwayar laka ba ta kai milimita 0.002 ba, kuma a shimfiɗe take, sai ta manne da 'yar'uwarta ta toshe hanya. Tsakaninsu akwai mai laushi kamar gari, irin wadda ruwa ke kwantarwa a bakin rafi. Ƙasar da lambu ya fi so ita ce wadda ta haɗa ukun nan ba tare da ɗaya ta danne sauran ba. Amma kada ka raina lakarka. Ta fi yashi riƙe abincin shuka nesa ba kusa ba, kuma ni in za a ba ni zaɓi, na fi son in gyara laka da in yi ta ciyar da yashin da ba ya ƙoshi.

Ka tabbatar da kanka kafin ka yarda da ni. Ɗebi ƙasa mai ɗan danshi ka dunƙule, sannan ka murza ta tsakanin babban yatsa da manuni. In ta watse tana ƙaras-ƙaras, yashi ya fi yawa. In ta miƙe ta yi tsawo tana sheƙi ba ta karye ba, laka ce. Sai ka haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Wannan cikawa ta biyu ita ce shaida: in ruwan bai sauka ko santimita 2 a awa ɗaya ba, wurin ba ya tsane ruwa yadda ya kamata.

Ƙarin takin zamani a wannan hali asara ce. Lambobin da ke jikin buhu, kamar 15-15-15, suna nuna kason naitirojin da fosfaras da potasiyam, kuma duk abinci ne na gaske, amma saiwar da ke ruɓewa ba ta iya ɗauka. Takin sai ya taru kamar gishiri ya ƙone abin da ya rage. Ko rawayar ganyen tana da karatu. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara, yawanci naitirojin ne bai isa ganye ba, kuma jiƙewar ƙasa kaɗai tana iya jawo haka. In sababbin ganyen sama ne suka yi rawaya jijiyoyinsu na nan kore, sinadarin ƙarfe ne shukar ta kasa samu.

Shawarar yashi ce ta fi ba ni tsoro, don tana kama da gaskiya. Buhu biyu ko uku na yashi a kan laka ba sa buɗe komai. Lakar ce za ta shige tsakanin ƙwayoyin yashin ta cike, in ta bushe ka samu abu mai kama da kwaɓin gini. Kafin yashi ya canza halin laka sai ya kai kusan yawan ƙasar da kake son gyarawa, wannan kuwa ba aikin ɗan lambu ba ne.

Maganin shi ne ruɓaɓɓen taki: kashin dabbobi da ya daɗe ya huce, ganyaye da ciyawar da suka ruɓe har suka yi baƙi suna ƙamshin ƙasa. Wannan ne abincin tsutsotsin ƙasa da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su kuma su ne ke haɗa ƙwayoyin laka su zama 'yan dunƙule-dunƙule, iska da ruwa su samu hanya. Ka shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 8, ka cuɗa shi da ƙasar sama zurfin kamar santimita 20, kuma ka maimaita kowace shuka, don yana ƙarewa. Ɗanyen kashin kaji kuwa kada ya kusanci saiwa, ƙona ta zai yi. Ka ɗaga kunya ko fangali ya fi ƙasa tudu, kada ka taka inda ka shuka, kada kuma ka yi kaftu laka tana jiƙe sharkaf, don dunƙulen da za ta yi sai ya shekara bai farfashe ba.

Akwai kuma tsamin ƙasa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH daga 0 zuwa 14. Yawancin kayan lambu sun fi son 6 zuwa 7. Toka tana rage tsami, to amma kada ka zuba ta barkatai ba ka auna ba, don in ta yi yawa ita ce ke hana shuka samun ƙarfen da na ambata.

Shukar da ke tsaye yanzu, ka daina ba ta ruwa kullum. Tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in ka ji danshi ka bari sai gobe. Ka yi 'yar hanya ruwa ya riƙa fita, ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa karan ba. Sannan ka tuge ɗaya da ta fi jin jiki ka duba saiwar. In fara ce mai ƙarfi, sauran za su farfaɗo. In ta yi baƙi tana wari tana saluɓewa, cire irinta duka, ka gyara kunyar, ka sake dashe.