Ciwon zuciyar mace ba lallai ya zo da ciwon ƙirji ba

'Yar'uwa, kin tambaya ko haki, gajiya da tashin zuciyar da Hajiyarku ke fama da su a Aboabo ciwon zuciya ne, alhali ƙirjinta bai cika ciwo ba. E, yana iya zama. Ku kai ta Asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi yau a yi mata ECG, wato gwajin bugun zuciya, da gwajin jini. Kada ku tsaya kan maganin kemis.

Lokacin jinyar mahaifiyata, a wani ƙaramin asibiti aka ce olsa ce, alhali ciwon zuciya ne. Haka mata da yawa ke isa wurin likitan zuciya a makare, shekaru sun ja, ga hawan jini, ga jijiyoyin zuciyarsu sun fi na maza ƙanƙanta. Shi ya sa tiyatar zuciya ta fi yi musu haɗari. In Hajiya na da ciwon suga, ku faɗa wa likita tun farko, domin suga kan ɓoye zafin ciwon.